Ma'aikatan Gona da Ba Sa Karɓar Lada

'Ya'yana na Tsiga, da na Kabomo da Kakumi da Guga, da duk wanda wannan magana ta iske a ƙasar Funtuwa da Malumfashi,

Akwai wani zane da kowane ɗalibin sakandare ya taɓa kwafa a darasin bayoloji. Malam zai rubuta ciyawa a allo, ya ja kibiya zuwa fara, daga fara zuwa kwaɗo, daga kwaɗo zuwa maciji, daga maciji zuwa shaho. Ku kwafa, ku haddace, ku zuba wa masu WAEC da NECO ranar jarrabawa, shi ke nan an rabu. Ranar Asabar kuma sai ɗayanku ya goya famfon feshi ya nufi gona, ko ya bi abokai farautar gafiya da ashana a aljihu, bai taɓa kawo wa ransa cewa zanen nan na allo labarin wannan gonar yake bayarwa ba. Wannan rabuwa tsakanin aji da gona ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ban ga laifinku ba, domin ba a cika haɗa muku su ba. Amma ina ganin abin da rabuwar take jawowa, kuma ku ne za ku gaji ƙasar nan.

Bari mu fara da abin da littafin yake faɗi. Duk wurin da halittu suke zaune, gona ce ko fadama ko kurmi ko tafki, kowa a cikinsa ya dogara da wani. Rana tana ba da haske, kuma koren ganye ne ya iya karɓar wannan haske ya haɗa shi da ruwa da iskar kabon ya mai da su abinci. Sauran masu rai, daga tsutsa har mutum, daga abin da ganye ya haɗa suke ci. Masana sun auna sun ga cewa a kowane mataki na wannan sarƙa, kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai na ƙarfin abincin yake wucewa zuwa mataki na gaba, saura yana ƙarewa wajen motsi da numfashi da ɗumin jiki. Shi ya sa fara take da yawa, kwaɗi ba su kai ta ba, shaho kuwa sai ka yini a daji ka ga ɗaya ko biyu. To ka gani, ɗana, harbo mujiya ɗaya ba daidai yake da kashe fara ɗaya ba. Ka cire wadda fili mai faɗi ya taru ya ciyar, wadda kuma ita ce take tsare wannan fili daga ɓeraye cikin dare.

Sannan akwai waɗanda zanen allo yakan manta da su: gara, tana, buzuzu, fumfuna, da ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani. Su ne suke ruɓar da mataccen abu su mayar wa ƙasa abin da aka ara daga gare ta. Ba don su ba, da karan dawar da kakanninku suka girbe yana nan tuli a gona har yau, ƙasa kuwa da tuni ta tsiyace.

Ga abin da nake so ku riƙe. Kowace halitta a gona ɗan ƙwadago ce da ba ta karɓar lada. Wata tana kai taki, wata tana gadi, wata tana huda ƙasa don ruwa ya shiga, wata tana ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan. Ranar da aka kore ta, aikinta ba ya bin ta. Yana nan, sai dai ya dawo wuyan mai gona, ya biya da kuɗinsa ko da guminsa, ko kuwa a bar aikin ba a yi ba, amfani ya ragu.

Ku tambayi tsofaffi yadda gonar ƙasar nan take kafin masara ta ci gari. Dawa a kunya, gero a gicci, wake yana yaɗo a ƙarƙashi, gyaɗa a gefe, auduga kuma da nata fegi, domin Funtuwa da Malumfashi garuruwan auduga ne tun zamanin Turawa. A tsakiyar gona ga ɗorawa, ga kaɗanya, ga tsamiya, a iyaka ga gamba. Bayan girbi Fulani su sauka da shanu, su ci kara su bar taki, a ba su dawa a sha nono. A 1975 aka fara babban aikin raya noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Ya kawo takin zamani mai araha, da ingantaccen irin masara, da hanyoyin karkara, da malaman gona. Ba zan kushe wannan aiki ba. Masara ta yi wa mutanenmu rufin kwano, ta kai wasu Makka, ta biya kuɗin makarantar da yawa daga cikin iyayenku, kuma har yau motocin da ke lodi a kasuwar Dandume suna ciyar da garuruwan da ba su taɓa jin sunan Tsiga ba. Sai dai an biya wani abu ba a sani ba. Garmar shanu da tarakta ba sa son kututture, sai aka tumɓuke. Masara ba ta son inuwa, sai aka sare. Jama'a ta ƙaru, gonar da a da ake bari ta huta ta daina hutawa. Sannu a hankali gonaki da yawa suka koma abu ɗaya: masara bana, masara baɗi, da buhun kamfa da yuriya a tsakani.

Sakamakon da kowa ya fara gani shi ne wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ita ba ta neman abinci da kanta. Irinta ƙanana ne ƙwarai, da ƙyar ido yake ganinsu, tsiro ɗaya yana zubar da dubbai, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jira. Abin da suke jira wani sinadari ne da saiwar masara ko dawa ko gero take fitarwa. Da sun ji shi sai su tsiro, su manne wa saiwar, su riƙa tsotsa tun manomi bai ga komai a sama ba. Lokacin da kyakkyawan furen nan nata ya bayyana, ɓarna ta riga ta auku. Abin lura shi ne ta fi ƙarfi a ƙasar da ta gaji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saurayi yakan ga ta cika gona ya ce a ƙaro magani, alhali shaida ce da ke nuna ƙasar ta daɗe tana ba da abu ɗaya ba a mayar mata da komai ba.

Maganinta na gaskiya yana cikin wasu tsirrai ne. Saiwar waken suya da ta auduga da ta gyaɗa suna fitar da sinadarin da ke tayar da irin wuta-wuta ya tsiro, amma ba ya iya manne musu, sai ya mutu da yunwa cikin 'yan kwanaki. Shekarar da ka sa waken suya a inda ka yi masara bara, ka rage irin da ke kwance a ƙasa ba tare da ka sayi komai ba. Masu bincike na Samaru, cibiyar da ke aiki tun 1922, wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, sun daɗe suna faɗin haka, sun kuma fitar da irin masarar da ke jure mata. Kakanninku da suke juya dawa da auduga suna yin wannan aiki tun ba su san sunan sinadarin ba. Idan kuma ka ga ta fito, ka tuge ta kafin ta yi iri, ka fitar da ita daga gonar. Barin ta ta zuba iri bashi ne da ƙannenka za su biya.

Akwai wani abu da nake so kowannenku ya gwada da hannunsa a daminar nan. Ka tuge waken suya ko gyaɗa guda ɗaya lokacin da ta fara fure, ka karkaɗe ƙasar a hankali, za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. Ka fasa ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne, to ana aiki. Bakteriya ce a ciki, tsiron yana ba ta abinci, ita kuma tana kamo masa naitirojin daga iska. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, ita ce kuma ake sayar muku a buhun yuriya da tsada, domin masara ba ta iya ɗaukarta daga iska da kanta. Ban ce waken suya zai raba ku da sayen taki ba. Na ce zai rage, kuma a shekarun nan da farashin buhu yake hana barci, ragin ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan ya kawo ni ga wuta. Da kaka ta wuce, matasa kan cinna wa daji wuta don gafiya da kurege da zomo, wasu kuma su tara kara da ganye a gona su ƙone don a ga gona fes. Naitirojin da ke cikin karan yana tafiya da hayaƙi, tana da sauran ƙananan halittu na sama-saman ƙasa suna ƙonewa, ƙasa tana zama tsirara. Mu nan Allah ya ba mu ruwa, kimanin milimita 1,000 a shekara, amma cikin wata biyar ko shida yake zuba, wani lokaci da ƙarfi. Ƙasar da ke da ruɓaɓɓen ganye da ramukan tana da gara tana shanye shi. Wadda aka ƙone sai ya bi ta kanta ya kwashe mai kyan ya tafi. Kwazazzabon da kuke gani yana cin bakin gona da gefen hanya, da ɗan ƙaramin tsagi ya fara. Naman gafiya na dare ɗaya ne.

Yanzu maganar feshi, kuma a nan zan ɗan tsaya, don a nan na fi jin tsoro. Na san dalilin da ya sa kuke son maganin ciyawa. Noman hannu yana karya baya, 'yan ƙwadago sun yi tsada, kwalba ɗaya tana yin aikin mutum da yawa. Ban ce ku jefar da famfo ba. Amma ku dubi abin da ke faruwa idan aka fesa komai, ko'ina, kowane lokaci. A farkon 2016 aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara a Najeriya, baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, kafin shekara biyu ta game yawancin Afirka. A 2016 ɗin kuma wata tsutsar ta cinye tumatir a Kaduna da Kano da Katsina, har kwando ya gagari talaka. Ku tambayi maƙwabtanmu na Danja. Abin da mutane suka yi shi ne ƙara magani, da haɗa kala biyu ko uku a famfo ɗaya. Sai maganin ya yi aiki bana, baɗi ya rage, shekara ta uku tsutsa ta ci ta kwana lafiya.

Dalilin yana cikin littafinku. A cikin dubban tsutsotsi ba a rasa 'yan kaɗan da jikinsu yake jure maganin. Ka kashe sauran, ka bar musu gonar su kaɗai. Uwar wannan tsutsa tana iya zuba ƙwai wajen 1,000, kuma cikin kimanin wata ɗaya 'ya'yan sun girma sun fara nasu. Kafin damina ta ƙare, jikokin masu juriya sun cika gona. Su kuwa maƙiyanta ba sa hayayyafa da wannan sauri. Ka taɓa fasa ɗakin zanzaro da yake ginawa da laka a jikin bango? Tsutsotsi ne cunkushe a ciki, ya kamo wa 'ya'yansa. Rina ma haka take yi, haka tururuwa da gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da tsuntsaye. Maganin da ba ya zaɓe yana kashe su tare da tsutsar, ita ta dawo da wuri, su ba su dawo ba. Don haka kafin ka haɗa magani, ka zaga gonar da sassafe, ka leƙa zuciyar masara, ka ga ko ɓarnar ta kai a fesa. Idan ta kai, ka bi ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, ka rufe hanci da baki da hannu, kada ka fesa abin da ke cikin fure da hantsi lokacin da ƙudan zuma yake kai. Kuma ka canza irin maganin daga lokaci zuwa lokaci bisa shawarar malamin gona, ba bisa shawarar mai shagon da ke son kwalba ta fita ba.

Ka kuma lura da inda kake wanke famfon. Ƙasar Funtuwa tudu ce, a kusa da nan Gulbin Sakkwato ya faro, ya bi ta Gusau ya shiga madatsar Bakolori ya wuce. Abin da aka zuba a ƙorama ba ya tsayawa a ƙorama. Mafi muni shi ne zuba guba a ruwa don kifi ya taso. Babba da ƙarami suke mutuwa tare, da kwaɗi, da 'ya'yan mazari waɗanda a cikin ruwa suke girma suna cin tsutsar sauro. Kuma kifin nan cikin wani zai shiga. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa. Su sun sami ikon cewa ba sa so. Waken da suka ƙi kuwa irinsa ne muke dafa wa yaranmu, alhali akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda yake kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da ɗigon magani ba.

'Yata, ke ma wannan magana taki ce, wataƙila ma ta fi zama taki. Da can idan ruwa ya sauka, mace takan zaga bakin gona ta dawo da ƙwarya cike da tafasa da lalo da gasaya da rama, ba ta sayi ko ɗaya ba. A lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kafin sabon hatsi ya nuna, waɗannan ganyaye ne suke riƙe gida, kuma akwai ƙarfen jini da bitamin a cikinsu waɗanda tuwon masara ba shi da su. Maganin ciyawa bai san tafasa ba, bai san lalo ba. Idan ɗan'uwanki zai fita feshi, ki roƙe shi ya bar iyakar gona da gindin itatuwa. Taku biyu ne ko uku, ba za su rage masa ko tiya ɗaya ba.

Ki kuma dubi ɗorawa. Kalwar da iyayenku mata suke dafawa su yi daddawa, da ita aka yi wa 'yan mata da yawa kayan ɗaki a ƙasar nan. Jajayen furanninta da ke reto a rani da yamma suke buɗewa, cikin dare suke zubo ruwan zaƙi, kuma jemage ne babban mai ɗaukar garin furen daga wannan itace zuwa wancan, ƙudan zuma ya taimaka da safe. Kuka ma haka, fararen furanninta na dare ne, jemage ne baƙonsu. Yaron da ya ɗauki danƙo ya tarwatsa jemagu daga itacen da suke kwana, ko ya sa wa amya wuta ya ƙone zuma gaba ɗaya don saƙa ɗaya, miyar gidansu ya taɓa, sai dai ba zai ga alamar ba sai bayan watanni. Kaɗanya kuwa takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, ta kuma yi ta bayarwa har jikoki. Injin yankan itace yana kayar da ita kafin a gama alwala, a yi gawayi buhu kaɗan, kuɗin ya ƙare kafin kasuwa ta zagayo.

Tsuntsaye ma ku sa musu ido. Iyayenku sun tashi suna ganin ungulu jere a kan katangar mahauta. Yau yaro yana iya gama sakandare bai ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa ungulun nan tamu ta gari cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa, kuma daga cikin dalilan a Afirka ta Yamma akwai guba da kuma farautar kanta don tsubbu. Wani zai ce to sai me, ai ƙazamar tsuntsuwa ce. A Indiya an ga amsar. Daga shekarun 1990 ungulayensu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, saboda wani maganin ciwon jiki mai suna diklofenak da ake yi wa shanu, wanda yake lalata ƙodar ungulun da ta ci mushensu. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da mai su suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnatinsu ta hana ba dabbobi maganin. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku lura da yadda kakanninmu suka ɗauki shamuwa: tana zuwa gab da saukar ruwa, ta yi sheƙa a tsakiyar gari, babu mai jifanta. Ita kuwa fara da tsutsa take ci duk damina, sannan ta koma kudancin Afirka. Wannan kunya da aka yi wa shamuwa, mujiya ma ta cancance ta, duk da abin da ake faɗi a kanta.

Yawan nau'in halittu ba a tsakanin tsuntsu da itace kaɗai yake ba, har a cikin abu ɗaya akwai shi. Kaura daban, farafara daban, gero daban, maiwa daban. Wani irin yana jure fari, wani yana jure yawan ruwa, wani ƙwaro ba ya son sa a rumbu. A 1975 wata cuta da darɓa take yaɗawa, mai takure gyaɗa ta hana ta 'ya'ya, ta cinye ɗaruruwan dubban hekta a Arewa, tana kuma cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. Juriyar da masu bincike suka sa a cikin sababbin iri daga baya, a tsofaffin irin gyaɗar manoman kan iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa aka samo ta. Da waɗannan manoma sun watsar da nasu, da babu inda za a nemo. Ku shuka ingantaccen iri, yana da amfani, amma zangarniyar da kakarku take ratayewa a saman murhu, ku tambaye ta sunanta da halinta, ku ba ta kunya biyu a gona kowace shekara. Irin da aka daina shukawa 'yan shekaru kaɗan, ya tafi ke nan.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma gaskiya ce. Wanda ya karɓi gona haya ta shekara ɗaya, me zai sa ya yi tanadin shekara goma? Gas ya yi tsada, kananzir ya gagara, dole a dafa abinci da wani abu. Rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa, sai nauyi ya taru a kan na kusa da gari, ya kuma ɓata tsohuwar ma'amala tsakanin manomi da makiyayi wadda take kawo taki kyauta. Waɗannan ba ku kuka jawo su ba, ba kuma ku kaɗai za ku gyara su ba. Amma akwai mutanen da suka fi mu ƙuncin hali suka yi wani abu, kuma Hausawa ne 'yan'uwanmu, tafiyar yini ɗaya daga nan.

Bayan farin shekarun 1970, ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi, ana dasa itatuwa suna mutuwa. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa 'yan tsirran da manoma suke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututturen itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin wasu suna yi musu aski. Abin ya yaɗu daga gona zuwa gona har Damagaram, kuma ƙiyasin masana ya nuna an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili kimanin hekta miliyan 5, ba tare da an sayi dashe ko an ɗebi ruwan ban ruwa ba. Cikin itatuwan da suka fi riƙewa akwai gawo, wanda Allah ya yi wa hali na dabam: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ya yi kore da rani lokacin da dabba take neman abinci, saiwarsa kuma tana kamo naitirojin irin yadda ta wake take yi. Duk manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili. Su da ruwansu bai kai namu ba sun yi, mu da ƙasarmu take tsiro da kanta ba mu da uzuri mai ƙarfi.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Idan lokacin sassabe ya zo, kafin ka sa gatari, ka zaga gonar ka ga abin da ya toho: kalgo ne, marke ne, ƙirya ce, ɗorawa ce ko gawo. A kowane kututturen da ka zaɓa, ka bar toho biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ka rage rassan ƙasa har zuwa rabin tsawonsa. Ka ɗaura masa ƙyalle don mai garma da mai neman itace su san da mai shi. Abin da ka yanke ya zama makamashin gida, ganyen ya zauna a ƙasa. Kowane 'yan watanni ka koma ka sake askin. Idan kana tsoron inuwa a kan masara, ka fara da na iyakar gona da na bakin ƙorama.

Gonar dai ta mahaifinka ce, ɗana, don haka kada ka je masa da littafi a hannu kana karanta masa darasi. Ka same shi bayan sallar isha'i, ka tambaye shi waɗanne itatuwa ne a gonar lokacin yana yaro, wa ya sare su, me ya gani ya canza. Zai faɗa maka abin da babu a littafin. Sannan ka roƙe shi ya ba ka kusurwa ɗaya ka gwada: kututture biyar a bari, kunya goma a sa waken suya inda wuta-wuta ta fi yawa, kara a bar shi a kwance. Ka sami littafin rubutu ka riƙa sa kwanan wata, da abin da ka shuka, da abin da ka fesa, da tiya nawa ka samu, ka kwatanta da sauran gonar. Ke ma 'yata, ki rubuta sunayen ganyaye da itatuwan da kakarki ta sani, da lokacin da kowanne yake fitowa, da inda ake samunsa yanzu. Ku kai wa malamin bayoloji ya gani, ku nemi ya fito da ajin zuwa gonar ko sau ɗaya a zango. Wanda kuma Allah ya buɗa masa karatu ya wuce gaba, akwai sashen noma a Samaru da Dutsin-Ma da ke neman ɗaliban da suka san gona tun kafin su shiga aji.